Kurtu a gaban layuka biyar

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Baba Saje, malamina na busa, shi ne ya ce in sayi littafi mai shafi arba'in, in riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya gagare ni. To ga shi na saya.

Gwajin shiga makarantar karatun kiɗa a watan Mayu ne. Sunan makarantar ba zan rubuta ba tukuna, Umma ta ce ba a buɗe tukunya tuwo bai nuna ba. A kudu dai take, kamar akasarin wuraren da ake karanta kiɗa a matsayin fanni: Nsukka, wadda ta buɗe nata sashen tun 1961, da Ife, da Abraka, da Uyo, da Legas. Abin da suke nema shi ne busa biyu masu bambancin yanayi, hawa da saukar tsanin sauti wanda 'yan badujala ke kira sikel, waƙa ɗaya da baki, gwajin kunne, da rubutacciyar jarrabawa. Sai kuma wanda ya hana ni barci: a ajiye maka takardar kiɗa da ba ka taɓa gani ba, a ba ka ɗan lokaci ka duba, a ce bismilla.

Shekara tara ke nan ina busa. Da bigila na fara a firamare, saboda faretin 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba, a sakandare na koma tarampet, yanzu kuma da shi nake samun na sabulu a gidajen biki in na tashi daga shagon gyaran waya. Ka rera mini abu sau ɗaya, in ya yi wuya sau biyu, na ɗauke. Amma layukan nan biyar na rubutun kiɗa da ɗige-ɗigen da ke kansu, wallahi ni dai kamar ƙudaje a igiyar shanya nake ganinsu.

Asabar, 14 ga Disamba

An kama ni.

Sati guda muna darasi. Baba Saje, wanda ya yi fiye da shekara talatin a badujala kafin ya ajiye kaki, yana koyar da abin nan kamar karatun allo. Ɗigon ma "baƙi" yake ce masa. Zai nuna da tsinke, ya faɗi sunan baƙin, ya rera layin sau ɗaya, in busa. Ina ta samun "madalla". Yau na zo, ya buɗe darasin jiya ya ce in maimaita. Na busa tsaf, har da ɗan ado a ƙarshe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kurtu, baƙi na shida mene ne?" Na duba. Ashe da daddare ya sa fensir ya ɗaga shi layi ɗaya. Abin da ke kaina na busa, idona kuwa yana kan takarda don ladabi kawai.

Ya ce kunnena ɓarawo ne, yana sace wa ido aikinsa. Daga yau ba zai ƙara rera mini komai ba, ba zai busa ba, ko fito ba zai yi a gabana ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, to ta yaya zan san na yi daidai?" Ya ce ranar gwaji wa zai gaya mini?

Na koma gida raina a ɓace. Abin da aka fi yabona da shi tun ina yaro, yau shi ake kira ɓarawo.

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Leɓena na sama ya tsage a daidai inda bakin ƙaho ke zama, kwana biyu ko sautin tsakiya ba na iya riƙewa. Man kaɗanya da daddare, ruwa da yawa, in goge man kafin in busa don kada bakin ya riƙa zamewa. Ƙura kuma ta shiga bawul na biyu, cikin madannai ukun da ke jikin ƙahon, yana maƙalewa. Na kwance su ukun, na wanke da ruwan ɗumi, na sa mai, wajen mayarwa na musanya na ɗaya da na uku, iska ta ƙi wucewa sam. Na ɗauka na kashe ƙahon. Ashe kowanne da lambarsa a jiki.

Maƙwabta sun kai ƙara wajen Abba, don haka na koma wani kango a bayan unguwa. Ƙarfe shida na safe, minti ashirin na dogon sauti: ka riƙe baƙi ɗaya, ka fara a hankali, ka ƙara ƙarfi, ka sauke, ba tare da ya karkace ba. Aiki ne mai gundura, awakin da ke kwana a kangon ma sun daina ɗago kai.

Bukukuwan ƙarshen shekara sun kawo kuɗin fom, amma suna cin leɓe. Awa uku kana ihu da ƙaho a kan janareta, washegari ba ka da laushi ko kaɗan. Baba Saje ya ce daga Janairu biki ɗaya a wata.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na haye kogin Kaduna zuwa Sabon Tasha. Baba Saje ya haɗa ni da wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, wadda ke jagorantar mawaƙan cocinsu kuma take da fiyano na gaske, na katako, a falonta. Kowa Mama yake ce mata. Ita za ta gyara mini murya, kuma da ita zan saba busa da rakiya.

Abin dariya ya faru tun farko. Ta ce mu gwada sautin da ake kira C. Na busa C nawa, ta danna nata, suka yi karo kamar an taka wutsiyar kyanwa biyu. Ta kwashe da dariya ta ce, "Ɗana, ba a gaya maka ƙahonka maƙaryaci ba ne?" Tarampet ɗin da muke busawa na B filat ne: in takarda ta ce C, abin da ke fita taki guda yake ƙasa da C na fiyano. Shi ya sa ake rubuta wa mai busa nasa kason taki guda sama da na mai fiyano. Na daɗe ina jin mai kibod a gidan biki yana cewa "ka hau kaɗan", ban taɓa tambayar dalili ba.

Ta kuma nuna mini cewa D na ƙasa, wanda ake danna bawul na ɗaya da na uku, yana fita sama da inda ya kamata, C shaf na ƙasa ma ya fi shi (shaf yana ɗaga sauti rabin taki, filat yana saukar da shi rabin taki). Zoben da ke jikin bututu na uku, wanda nake rataya hankici a kai, aikinsa ke nan: ka tura shi waje da yatsa, bututun ya ƙara tsawo, sautin ya sauko.

Asabar, 25 ga Janairu

Murya. Mama da do re mi take koyarwa, irin wanda mishan suka kawo, tsarin da wani fasto ɗan Ingila, John Curwen, ya yaɗa a ƙarni na 19. Do, re, mi, so, la ba su ba ni wahala ba, kamar a gida aka haife mu tare. Fa da ti ne abokan gabana. In zan sauko daga so, sai in tsallake fa in faɗa kan mi, ko in taɓa shi a karkace. Ta ce ba laifin maƙogwaro ba ne. Yawancin waƙoƙin da na tashi da su a kan sauti biyar suke tafiya, babu rabin taki a cikinsu, fa da ti kuwa su ne masu manne wa maƙwabtansu da rabin taki. Abin mamaki, a ƙaho ina busa su lafiya, don yatsa ne ke nemo su.

Aikin gida: mi fa mi, do ti do, sau hamsin safe da yamma. Abokin aikina a shago ya tambaya ko aljanu ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An zaɓi busa ta farko: kashi na biyu na abin da Haydn, wani mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, ya rubuta wa tarampet a 1796, mai tafiya a hankali. Ta biyu maci ce daga tsofaffin takardun Baba Saje, wannan ba ta dame ni ba.

Mama ta ba ni labarinsa. A zamanin Haydn tarampet ba shi da bawul, sautuka ƙalilan yake iya fitarwa, kamar bigilar da na fara da ita. Wani mai busa a Biyana, babban birnin Ostiriya, Anton Weidinger, ya yi wa nasa ramuka da marufai, ya zama yana iya bin rabin taki ɗaya bayan ɗaya, Haydn ya rubuta masa wannan don a ji abin da sabon ƙahon zai iya. Sai a 1800 aka fara busa shi a bainar jama'a. Wato an rubuta shi ne takanas don rabin takin da nake gudu.

Yana nan a YouTube, na sani, manyan masu busa na duniya duk sun yi shi. Baba Saje ya sa na yi alkawari ba zan saurara ba sai na karanta shi daga farko har ƙarshe. Kwana uku na yi a kan gida takwas na farko, wato 'yan yankunan da ake raba layin takarda da su. Filat biyu ne a takardata, bugu shida a kowane gida, ana jin su biyu-biyu manya. Na ƙirga da yatsa, na tafa, na faɗi sunayen baƙaƙen, sannan na busa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. A rana ta uku, ina cikin kango, sai duwatsun suka haɗu suka zama waƙa. Na ajiye ƙahon a cinya na daɗe a zaune. Wani tsoho ya rubuta abu shekara fiye da 200 da suka wuce, ba wanda ya rera mini, ga shi ya fito daga bakina.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ba abin kirki. Tsakiyar Haydn ta juya zuwa wani ki, wato jerin sautin da waƙa ke tafiya a kai, mai filat biyar a takardata, na ɓace. A jarrabawar gwaji ta rubutu na ci 11 cikin 30. Jerin shaf ɗin nan, F C G D A E B, na haddace, amma in aka juya tambayar sai in rikice.

Da daddare Abba ya ce, ba da faɗa ba, "Yanzu kai Legas za ka tafi ka karanto roƙo?" Ban amsa ba. A gidanmu ba a gaji kiɗa ba, kuma na san abin da dangi za su ce masa a wajen ɗaurin aure.

Talata, 4 ga Maris

Azumi na huɗu. Da rana baki a bushe yake, harshe ba ya bugun sauti da kyau, ga zafi ya fara. Mun sake tsari. Bayan sallar asuba, kafin ruwan sahur ya bar jiki, minti arba'in na busa. Da rana ba ƙaho: karatun takarda da baki da tafi, ina danna bawul a iska. Bayan tarawi rabin awa da abin toshe bakin ƙaho, a ɗaki.

Ban zata ba, amma karatun rana ya fi komai amfani. Da babu sauti, ɓarawon ba shi da abin sata.

Lahadi, 16 ga Maris

Wannan zan rubuta shi da tsawo.

Mama ta ce waƙar baki ba dole ta zama ta Turawa ba, takardar makarantar ta yarda da ta gargajiya, sharaɗin dai a kawo ta a rubuce don alƙalai su bi. Ta ce, "Me kakarka take rerawa?" Akwai wata waƙar niƙa da Inna ke yi tun ina goye, ta ce a wajen uwarta ta ji. Na je na same ta bayan shan ruwa. Ta ce, "Maigidana, sai yau ka tuna da ni, da ka ga amarya ta ƙi ka?" Na ce in ta rera zan sai mata goro na sati. Ta rera, na ɗauka a waya.

Na ja layuka biyar da rula na zauna. Karon farko ke nan da na bi hanyar a juye, daga kunne zuwa takarda. Sautukan ba su yi wuya ba, biyar ne, la so mi re do, tana farawa daga sama tana gangarowa kamar yadda magana take gangarowa in za a kai aya. Tsawonsu ne ya sha ni, sai da na lura da abin da malamin Hausa ya koya mana a aji huɗu na manta: gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi. Inda gaɓar ta yi nauyi, Inna tana ba ta bugu biyu, inda ba ta yi ba, ɗaya. Da na rubuta kalmomin na sa wa kowace gaɓa alamarta, rabin aikin ya ƙare. Kuma bugu shida ne a gida, daidai da na Haydn, dutsen niƙa ya je ya dawo.

Sai baiti na biyu ya ƙi zama a kan baƙaƙen baiti na farko. Na ɗauka Inna ce ta kauce, tsufa. Na koma na ce ta sake. Ta sake sau uku, iri ɗaya. Na rera mata baiti na biyun da karin na farko, ta ce, "Kai, wane Bature ne wannan?" A baiti na farko akwai kuka, na yaro, wanda gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke. A daidai gurbin nan a baiti na biyu akwai kuka, itace, wanda ke farawa sama ya faɗo. In ka rera na biyun a miƙe, ka sa jariri a bakin rijiya maimakon bishiya. Kalmar ce ke jan waƙar, ba waƙar ke jan kalma ba. A littafin waƙoƙin Mama ana rubuta kari ɗaya a jera baiti huɗu a ƙarƙashinsa. Ta Inna kowane baiti sai an ja masa nasa layukan.

Na kai wa Baba Saje. Ya sa tabarau, ya bi da tsinke, bakinsa yana motsi. Sai na ji yana rerawa ƙasa-ƙasa, waƙar kakata, wadda bai taɓa ji ba, daga rubutun hannuna. Ya karya dokarsa da kansa. Ya gyara mini wutsiyar baƙi biyu da na juya ta hagu, ya ce, "Gobe ƙarfe shida."

Tun ranar, in na kalli takarda ina fara jin ta kafin in ɗaga ƙaho. Ba duka ba. Amma kunnen ya fara karɓa daga hannun ido.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi. Na je Zariya gaida dangin Umma, aka haɗa ni da wani mai busa algaita. Ya yi minti biyar bai yanke sauti ba, kumatu a kumbure, yana shaƙa ta hanci yana turawa da iskar da ya tara a baki. Na gwada da tsinken shan lemo a kofin ruwa, na shaƙe. Ya riƙe tarampet ɗina, ya auna shi da ido, ya ce gajere ne. Na ce in aka warware bututun ya kusa mita ɗaya da rabi. Ya ce kakaki ya ninka haka, kuma shi ba a busa wa kowa sai sarki.

Baba Saje ya ce in bar kumbura kumatu, ba namu ba ne. Na saurari Haydn a karon farko. Sun fi ni nesa ba kusa ba, amma baƙaƙen nawa daidai suke, in ban da wuri ɗaya da nake gajarta hutu.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gwajin gwaji. Mama ta tsayar da mutum goma sha biyu daga cikin mawaƙanta bayan sun gama shirin Ista, ta zaunar da uku a tebur su zama alƙalai. Na sa riga mai dogon hannu. Sikel lafiya, G hawa biyu har sama ba tare da ya fashe ba. Haydn, bakina ya bushe a tsakiya, amma na kai. Waƙar Inna, wata mata ta yi guɗa.

Sabuwar takarda kuwa, na kai gida na biyar, na yi kuskure, na tsaya, na ce "afuwan", na koma farko. Na sake tsayawa a wuri ɗaya. Baba Saje ya tashi daga bayan ɗaki. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce a fareti in ka yi tuntuɓe, bataliya ba ta jiranka, ka nemi ƙafar hagu ka shiga. Alƙali zai yafe baƙi ɗaya, ba zai yafe bugun da ya mutu ba.

Sabuwar doka: kullum takarda uku da ban taɓa gani ba, na'urar ƙirga bugu a waya tana kan 60, daƙiƙa talatin na dubawa. A cikinsu in duba ki, in duba bugu, in nemo wuri mafi wuya. In na fara ba tsayawa, ko da rabin abin da zai fito shirme ne.

Asabar, 3 ga Mayu

Takarda 42 cikin sati biyu. Na tsaya a 6, duk a satin farko. Rubutu 23 cikin 30. Fa ya zauna, ti yana ɗan rawa in na gaji. Mama ta sake kwafe waƙar Inna da tawada, baiti biyu, kwafi huɗu.

Jiya Abba ya kira ni ɗakinsa. Ya ba ni lambar ƙaninsa da ke Agege, ya ce ya riga ya yi masa magana. Ya miƙo kuɗin mota a ninke cikin takarda. Ya ce, "Waƙar da kake ta yi a ɗaki, ta Inna ce ko?" Na ce ita ce. Ya ce akwai baiti na uku, ita ta manta, shi bai manta ba. Bai rera ba, kuma ban roƙa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, Agege

An yi.

Na iso shekaranjiya da motar dare, ƙafafu a kumbure. Iskar nan jiƙe take, leɓe ya yi laushi, bawul suna tafiya kamar an saya yau. Baffa ya raka ni har ƙofa tun ƙarfe bakwai. Mun fi arba'in a baranda, yawancinsu sun tashi a coci, suna karanta takarda kamar jarida. Wata yarinya mai goge irin na Turawa tana ɗumama hannu da abin da ko a mafarki ban kai ba. Na shiga bayi na yi dogon sautina.

Alƙalai uku. Macin ya tafi. A Haydn sautin farko ya fito da ɗan tsatsa, sauran ya bi. Gwajin kunne, nan ɓarawo ya yi ranarsa: suka danna, na rera, suka tafa, na mayar, har ɗayansu ya ƙara mini wani mai tsawo don ya gani.

Sabuwar takarda: shaf biyu, bugu uku a gida, gida goma sha shida. A na tara akwai tsalle, na faɗa kan baƙin da ba shi ba, na ji shi har cikin haƙorina. Ƙafata ta ci gaba da bugu. Na shiga a na goma.

Da na rera waƙar Inna, wata farfesa mai furfura ta riƙe takardar tana bi da biro. Ta tambaye ni da Turanci me ya sa baiti na biyu bai bi na farko ba, kuskuren kwafi ne? Na ce a'a, na faɗi kuka da kuka. Ta sa na maimaita sau biyu, ta faɗi wata kalmar Yarbanci ita ma sau biyu, murya daban-daban, ta yi rubutu a gefen takardarta. Ta tambaya ko baitocin biyu ne kawai. Na ce uku ne, na ukun yana wajen mahaifina.

Sun ce za a kafe suna nan da 'yan makonni. Na kira Baba Saje daga bakin titi, hayaniyar danfo ba ta bari in ji sosai. Bai tambayi Haydn ba. Ya ce, "Ka tsaya?" Na ce ban tsaya ba. Ya ce to in sayo masa man bawul kwalba biyu kafin in taso, na nan ya fi araha.

Motar Kaduna gobe da la'asar. Rula da fensir suna cikin jaka, akwai sauran shafi shida a littafin nan.